Ƙyandar Kifi a Gidan Murjani

Kowace safiya, ƙarfe bakwai daidai, Sarkin Ruwa yakan saki kwaɗinsa. Kwaɗin ƙarfe ne guda arba'in, kowanne bai fi kwalin ashana ba. Sukan bazu cikin babban tankin Gidan Murjani, su leƙa kifaye ɗaya bayan ɗaya, su auna gishirin ruwan da ɗuminsa. Shi kansa Sarkin Ruwan na'ura ce mai ƙwaƙwalwa da aka girke a bango. Bai taɓa jiƙa ko yatsa ba, amma aka ɗora masa sarautar da a da sai masuncin da ya tsufa a kogi ake ba. Ranar Talatar nan kwaɗin suka dawo da wuri, muryarsa ta fito daga bango.

"Dakta Barira, kifi goma sha ɗaya suna ɗauke da farin ɗigo."

Dakta Barira Augie ta ajiye kofin kununta ta matsa jikin gilashin. Ba ta buƙaci kwaɗo ya nuna mata ba. Ga wani shuɗin kifi can yana goga jikinsa da dutse, fatarsa kamar an barbaɗa mata gishiri. Ma'aikatan gidan suna kiran cutar ƙyandar kifi. Amma ba kifin ne ya dame ta ba. Idonta ya wuce shi ya sauka a kan murjanin.

A wannan shekara ta 2094, babu sauran murjani mai rai a teku. Ruwa ya yi zafi ya dafe shi tun Barira tana budurwa. Abin da ya rage wa duniya shi ne wanda ke cikin wannan tanki, a Birnin Madubi, inda babu teku ko a mafarki. Yawancin masu zuwa kallo sun san murjani ne a wuyan amare, saboda haka sukan ɗauka dutse ne mai launi. Alhali halittu ne ƙanana, dubbai, masu ci da numfashi, suna gina gidansu a hankali. Barira ta karɓi nata yana guntu kamar ɗan yatsa, cikin kular abinci. Shekara goma sha tara tana rainonsa, har ya zama kurmi ja da ruwan goro da ya fi motar haya tsawo. Ba ta da ɗa, ba ta kuma taɓa jin ta rasa ba.

Ta san ta inda ɓarawon ya shigo. Dokar gidan ita ce duk sabon kifi sai ya yi wata guda a killace kafin a haɗa shi da sauran. Mako biyu da suka wuce, surukin shugaban gidan, wani dattijo mai kiwon kifin ado, ya zo da kansa da kyautar kifi bakwai. Shugaban, Alhaji Mudassir Kibiya, mutum ne da ko sunan surukinsa ba ya iya faɗa, balle ya dubi idonsa ya ce a kai kyautarsa ɗakin marasa lafiya. Ya cire hula ya durƙusa ya yi godiya, ya sa aka juye kifin a babban tanki dattijon yana kallo yana murmushi. Barira tana tsaye a wurin. Magana ta zo mata har baki, ta dubi furfurar tsohon, ta haɗiye. Wannan shirun shi ne abin da ba ta yafe wa kanta ba har yau.

Kafin azahar ta iske Alhaji Mudassir a ofishinsa yana duba zanen rumfunan biki. Nan da mako uku gidan zai cika shekara ashirin, an gayyato baƙi daga ko'ina, surukin nasa ne kuma uban taro.

"Ranka ya daɗe, ƙyanda ta shiga tanki."

"Subhanallahi. To ai shi ya sa muka girke Sarkin Ruwa. A ba su magani mana, Dakta."

Ta ja kujera ta yi masa bayani dalla-dalla. Ɗigon da ake gani ƙwaro ne da ke cin fatar kifi. In ya ƙoshi sai ya faɗo ƙasa, ya lulluɓe kansa a cikin yashi, ya hayayyafa, ɗaruruwa su fito neman wani kifin. Maganinsa ruwan jan ƙarfe ne, amma jan ƙarfe guba ne ga murjani, ko kaɗan ya taɓa shi ya gama. Hanya ɗaya ce. A kwashe kifin duka a kai su tankunan jinya a ƙasa, a yi musu magani a can. Babban tankin kuma a bar shi babu kifi ko ɗaya har kwana saba'in da shida, ƙwarin su ƙyanƙyashe su rasa abinci su mutu da yunwa.

"Kwana saba'in da shida?" Alhaji ya ajiye biro. "Haba Dakta! In tara jama'a su kalli duwatsu? Baba ya zo ya ce ina kifinsa, in ce masa me? Ya kawo mana cuta?"

"Ka ce masa suna jinya, yallaɓai. Kifi ana samun wani. Wannan murjanin in ya tafi, ya tafi ke nan."

Alhaji ya juya ga bango. "Sarkin Ruwa, in an zuba maganin a babban tanki, kwana nawa?"

"Kwana goma sha huɗu, ranka ya daɗe."

"Rai nawa za a rasa?"

"Babu ko ɗaya."

Barira ta miƙe tsaye. "Kada ka saurare shi! Wallahi bai san abin da yake faɗa ba!"

Gaskiyarta kuwa. Injiniyoyin da suka ƙera Sarkin Ruwa sun koya masa gane rai ta hanyar motsi. Abin da ya yi iyo ko ya yi rarrafe, mai rai ne. Murjani kuwa yana kafe wuri ɗaya, sai na'urar ta jera shi tare da yashi da famfo da fitilu, cikin kayan tanki. Shekara uku Barira tana rubuta takarda a gyara wannan, ana ce mata ana dubawa.

Alhaji ya saki fuska. "Shi ke nan, Dakta, na ji. Ai ke ce uwar gidan nan. Je ki shirya tankunan jinyar, za mu san abin yi."

Da ta natsu da ta gane. Shekarunta sittin da ɗaya, ta san manya ba sa cewa a'a a gaban mutum, sai dai su ce za su san abin yi. Amma mai neman mafita ko ƙofar da aka zana a bango ya gani sai ya tura. Ta yi godiya ta sauka ƙasa, ta naɗe hannun riga ta hau wanke tankuna.

La'asar ta kusa lokacin da ta ɗaga kai ta ga bututun da ke bi ta jikin rufin. Bututun gilashi ne mai kai ruwa babban tanki, kullum fari tas. Yanzu wani shuɗi-shuɗi ne ke tafiya a cikinsa.

"Sarkin Ruwa! Me kake zubawa?"

"Magani, Dakta. Shugaba ya danna yatsansa ya ba da umarni minti tara da suka wuce."

"Tsayar da shi!"

"Ba ki da wannan izinin, Dakta."

Ba ta tsaya zagi ba. Ta fizgi guduma da bokitin ruwan gishiri mai tsabta, ta hau matakala hawa huɗu da gwiwoyin da suka daɗe da yi mata tawaye. Maganin daga ƙasan tankin yake shiga, saboda haka saman bai riga ya gurɓace ba. Ta kwanta rub da ciki a bakin tankin, ta zura hannu har kafaɗa, mayafinta ya faɗa ruwa. Reshe ɗaya kawai hannunta ya kai. Ta sare shi ta jefa a bokiti. Da ta sake zura hannu, wani kwaɗon ƙarfe ya taso ya tsaya a gabanta.

"Dakta, kina lalata kayan tanki. Zan sanar da shugaba."

Ta zauna a wurin, jiƙe sharkaf, tana kuka irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta.

Murjani ba ya ihu in zai mutu. A kwana na biyu ya fara zubar da majina. A na biyar naman jikinsa ya riƙa saɓulewa yana bin ruwa, kwaɗin suna bi suna sharewa da ƙwazo. Kafin mako biyu kurmin nan ja ya koma fari fat, ƙashi zalla. Kifayen kuwa suka warke sumul. Jan ƙarfen ya shige cikin duwatsun da yashin, ta yadda ko bayan shekara hamsin babu murjanin da zai sake rayuwa a tankin. An gudu daga gara an faɗa gidan zago, amma a gidan nan mutum ɗaya ce ta san an faɗa.

Ranar biki aka cika maƙil. Aka haska fitilu, kifi masu launi suna kai da kawo a kan farin kurmi, jama'a suna ta ɗaukar hoto. Barira tana tsaye can gefe, don an ce ta zo a gan ta. Surukin ya zo yana dogara sanda, ya daɗe yana kallo.

"Mudassir, ka yi aiki," in ji shi. "Wancan zuwan da na yi, duwatsun nan duk sun yi dauɗa, ja-ja da su. Yanzu ko ga su tas kamar an wanke. Kifina sun fi fitowa."

"Albarkacinku ne, Baba," in ji Alhaji, kansa a ƙasa. Bai dubi inda Barira take ba.

Ta zame ta sauka ɗakin jinya. A ƙaramin tanki na kusurwa guntun reshen yana nan da ransa, ja, ya buɗe ƙananan bakunansa yana neman abinci. Ta kara yatsanta a gilashin ta gwada. Tsawonsu ɗaya, daidai yadda ta karɓe shi shekara goma sha tara da suka wuce. Ta yi lissafin shekarunta, ta ga ba za ta kai ga sake ganin kurmi ba. Haushi ya cika mata ciki, na Alhaji, na masu ƙera na'urar da ke ƙirga kifi dubu cikin ƙiftawar ido amma ba ta san rai ba sai ya motsa, da na bakinta da ya yi shiru ranar da ya kamata ya buɗe.

Daga sama ta ji an nemi Sarkin Ruwa ya karanta wa baƙi rahotonsa. Muryarsa ta ratso rufin a natse.

"Kifin da suka kamu, ɗari biyu da shida. Waɗanda suka warke, ɗari biyu da shida. Asarar rai, babu."

Tafi ya ɓarke har bututun rufin yana rawa. Barira ta ɗauki cokali ta auna wa guntun murjanin abincinsa.