Ɓawon Kankana

A'a, dakata. Ke biki kawai kika je, kika ci kika sha, kika dawo kina cewa yarinya ta zubar da karatunta a gindin teburin kankana. Zauna ki ji, tunda Allah ya ba ki baki.

Jikar nan tawa, Auta, tsutsa ce aikinta. Wadda ake ce wa tana dai, ta cikin ƙasa mai laima. A jami'a aka ba ta ɗaki mai sanyi da bahon roba goma sha biyu. Wannan baho ɓawon ayaba, wannan na kankana, wancan guntun kwali. Ta auna abincin a sikeli, bayan sati ta auna ragowar, ta auna tsutsotsin ma. Wai so ake a san abin da suka fi ci, don su yi taki da wuri. Ni na haifi bakwai, ban taɓa auna ko ɗaya ba.

A bakin ƙofar makarantar akwai saurayi mai kayan marmari. Ranar farko ta tsaya ta ce, "Malam, ɓawo nake so."

Ya dube ta. "'Yan mata, in yunwa ce, ga yanka guda, sha abinki."

"'Ya'yana zan kai wa."

"Su nawa?"

"Dubu da ɗari biyu."

Saura kaɗan ya yanke yatsa.

Daga nan kullum da safe leda na jiranta. Sai saƙo ya fara shigowa. Ni ba na karatu, amma in tana matsa min ƙafa a fili take karantawa, ta ɗauka barci nake.

"Uwar dubu, yara sun ƙoshi? Ni ban ci komai ba tunda kika wuce ba ki waiwayo ba."

Ita kuma: "Na waiwayo, Mai Ɓawona. Kai ne kana can kana zaɓar wa wata lemo."

Ubanta ya ji, ya ce sam. Ga wani Dakta, malami a sashensu na jami'a, mai mota, yana zuwa gaisuwa. Daktan da in ya shiga ɗakin nata sai ya toshe hanci, yana cewa in ya aure ta za ta huta da wannan ƙazanta.

Ana haka sai tsutsotsin kankana suka kama ƙiba ba gaira ba dalili. Ta canza sikeli, ta zargi kanta, ta rame. Farfesanta ya ce in ba a gano dalili ba, aikin shekara ya tafi.

Wata safiya ta ajiye waya ta dubi ɓawon da kyau. A da, cikinsa fari ne fat. Yanzu ga ja a jikinsa, kaurin yatsa biyu. Ashe kaɗan-kaɗan saurayin nan yake ƙarawa.

Ta same shi a tebur. "Wa ya ce ka bar musu jan?"

"Haba, 'ya'yanki ne fa. Ya zan ba su ɓawo tsura?"

"Sati shida ka kashe min!" Ta fashe da kuka, ta juya.

Kwana huɗu ba ta ɗaga wayarsa ba. Saƙo ɗaya ya turo: "Na yi laifi, Uwar dubu. Ban san ƙari ma ɓarna ba ne."

Rana ta biyar ya rufe teburinsa, ya sa rigarsa mai kyau, ya shiga ofishin Farfesa ana cikin taro, ga Auta ga Dakta. Ya ce kada a taɓa ta, shi ne.

"Yaushe ka fara?" in ji Farfesa.

"Ran da ta fara ce min Mai Ɓawona, ranka ya daɗe. Ga saƙon, ga kwanan watan."

Farfesa ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce tunda an san ranar, ba a yi asara ba: kafin ranar, gwaji na ɗaya, bayanta, gwaji na biyu. Auta ta rufe fuska da littafi. Dakta kuwa ya tuna yana da aji, ya fice.

Da labari ya iso gida, ubanta ya ce, "Wanda zai bar sana'arsa ya je ya ɗauki laifi gaban masu kwat, a ce ya zo in gan shi."

Ta karɓi takardarta, aka ɗaura aure, kuma har yau tana nan da bahunanta. Alhamdu lillahi, na gani da idona kafin ƙasa ta rufe shi. Allah ya ba su zaman lafiya, ya ba su 'ya'ya masu ƙafa.

Kina cewa ai ya kusa ja mata asara. Ƙwarai kuwa. Laifinsa guda a duniya, an roƙe shi kaɗan ya ba da da yawa. Ke naki mijin, shekara talatin kuna tare, ya taɓa yin wannan kuskuren?