Ɗamara Ta Goma Sha Uku

Na san za a musa, amma a Miri an taɓa kiran sunan mamaci ya amsa, kuma layin ɗinki guda ne ya jawo hakan.

Hajiya Sauda tela ce a Wunti, mace mai ilimi da kamun kai, wadda shekara ashirin ba a taɓa dawo mata da aiki ba. Da ɗanta Mansir zai shiga wata ƙungiyar zumunta ta samari da ake kira 'Yan Ɗamara, sai shugabansu Abdulsalam ya kawo mata ɗinkin fararen ɗamaru goma sha uku.

"Mama, farin nan tsarkin zuciya ne, ƙullin kuma alkawari," in ji shi. "Amma ta goma sha ukun kada a kalmashe bakinta. Ta marigayi Yero ce, wanda ya kafa ƙungiyar. Kowane taro muna kiran sunansa, buɗaɗɗen bakin nan kuwa shi ne ƙofarsa ta komawa."

"Ƙofa a jikin ƙyalle? Kai, yaran nan akwai shirme!"

Da ta gama aikin ta dubi ɗamarar tana zubar da zare, sai ranta ya ƙi. A ce daga shagonta wannan ta fito? Ta mayar da ita kan keke, ta bi bakin da ɗinki matsattse.

Dab da magariba ta hau acaɓar Hammajoda, dattijon da ya saba ɗaukarta, don ta kai kayan Miri da kanta. Suna shiga gonakin dawa babur ɗin ya fara nishi. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, alhali rabon da a yi ruwa wata biyu ke nan. Jakar da ke kan cinyarta ta yi sanyi.

"Hajiya," Hammajoda ya ce ƙasa-ƙasa, "mutum nawa na ɗauko?"

"Tuƙa kawai, Malam."

A wani tsohon ɗakin ajiyar hatsi ake taron. Ta miƙa jakar, amma ta kasa juyawa. Suka tsaya bakin taga, ita da Hammajoda.

Samari goma sha biyu suka yi da'ira, fitilar ƙwai a tsakiya. Aka ɗaura wa kowa tasa, aka ɗora ta ƙarshe a kan kujerar da babu kowa. Abdulsalam ya fara kiran sunaye, ana amsawa.

"Yero."

Kukan gyare ya ɗauke.

"Na'am."

Daga kujerar muryar ta fito.

Abdulsalam ya miƙa hannu, ya lalubi bakin ɗamarar. Ya ji shi a kalmashe.

Ɗamarar ta zame daga hannunsa. Ta ja ciki a ƙasa. Ta haye ƙafar Mansir, ta naɗe masa ƙugu.

Mansir ya ɗago kai. Idanun ba nasa ba ne.

"An rufe mini ƙofa," ya ce da muryar wani. "To, na zauna. Wannan jikin ya ishe ni."

Sauda ba ta san lokacin da ta banke ƙyauren ba. Ta durƙusa gaban ɗanta tana karanta Ayatul Kursiyyu. Ta sa farce a ɗinkin. Ko motsi. Aikinta ne, ba ya farkewa da sauƙi.

Babu reza. Babu almakashi.

Numfashin Mansir ya fara yankewa.

Ta kafa haƙori.

Ƙasa ta ji a bakinta, mai sanyi, mai ɗaci. Ta ja. Haƙorin ya karye, zaren ya tsinke.

Wata iska ta bi ta gefen kuncinta ta fice. Fitilar ta mutu.

"Umma?" in ji Mansir, da muryarsa.

Har yau bai tuna komai ba. Ƙungiyar ta daina kiran sunan Yero, sai dai a yi masa addu'a. Hajiya Sauda kuwa, duk rigar da ta ɗinka tun daga ranar, takan bar faɗin yatsa guda ba ta rufe ba, can ta ciki. Masu cewa tsufa ne ya kama mata ido su gyara bakinsu.

Mai shakka ya je Wunti ya tambayi Hammajoda. Da shi aka tsaya a bakin tagar, kuma tun daga ranar bai sake bin hanyar Miri bayan la'asar ba.