Buhu Tara na Ƙirare

"Ba zan ɗauke su ba."

Da Faransanci Raliatou ta faɗa, ba ta ko ɗago kai daga sikelinta ba. Saurayin da ke bakin ƙofa, sanye da jar rigar masu tsaron gobara na ginin jami'a a Bron da ke gefen Lyon, ya sake nuna buhu taran da ta jera a hanyar fita. Ƙirare ne da busasshen ganye da gansakuka, an kwaso su daga dazuzzukan arewacin Suwidin. Ya ce doka ta hana ajiye abin da ke cin wuta a nan. Ta ce ta fi shi sanin abin da ke cin wuta, shekara biyu ke nan tana auna shi, kuma in buhunan suka sauka ɗakin ƙasa za su sha laima, aikin wata uku ya lalace.

Da ya juya, ta yi gunaguni da Hausa: "Ji shi, sai ka ce shi ya gina gidan."

"Ban gina ba," ya amsa da Hausar Damagaram, "amma in ya ƙone ni za a tambaya."

Kunya ta kama ta har kunnuwa, amma ba ta ba da haƙuri ba. Washegari ta tarar ya samo kabad na ƙarfe, ya shigar da buhunan da kansa, ya bar mata makulli da lambarsa. Sunansa Moctar, yana karatun lissafi da safe, yana gadi da yamma.

A tiram, jirgin ƙasa na cikin gari, ta koya masa aikinta. Ta ce ta kan auna ƙirare, ta gasa shi kwana guda a tanda, ta sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne ruwan da ke ciki. Da wannan ake sanin ranar da daji zai kama. Kuma kowane watan Yuni ita da abokan bincikenta su kan je Suwidin su kewaye wani yanki na daji su cinna masa wuta da gangan, don tarkacen da ya taru shekaru ya ci a hankali gaban idonsu, kafin ya ci da kansa ya cinye ƙauyuka.

Ranar ya turo saƙo: "Ƙirarena, yau kashi nawa na ruwa ya rage a zuciyarki? Ina so in san ranar da za ta kama."

Ta mayar: "Kashi arba'in, Malam Mai Gadi. Ka bar wasa da ashana."

Kafin shekara ta zagayo, manyansa sun je Montreuil da ke gefen Paris sun gaida mahaifinta, Alhaji Illo, kuma an karɓe su da fara'a.

Salifou ne ya ɓata lamarin. Ya taɓa neman ta, ta ce masa a'a. Bayan sallar Juma'a ya matso kusa da Alhaji ya nuna masa hoto a waya: ga Raliatou da hular kwano, tana tsiyaya wuta a kan ciyawa, tana dariya.

Kowa a gidan ya san labarin. Alhaji yana da shekara goma sha tara gobarar daji ta tashi a makiyayar Abalak, ta cinye garkensu, ta rutsa da wansa yana kora shanu. Ba a taɓa gano wanda ya cinna ba. A bakin Alhaji babu zagin da ya kai a ce mutum mai cinna wa daji wuta ne.

Ya kira ta Paris. Ta durƙusa a gefen tabarmarsa, mahaifiyarta Husainatu na tsaye a ƙofar kicin. Ya ce ta bar tafiyar Yuni, ta nemi wani karatun. Ta yi bayani da ladabi, bai saurara ba. In ba ta je ba, digirin da ta ba shekara uku ya tafi. Ta san haka, shi ma ya sani.

"Baba, ka gafarce ni. Zan je."

"To ki je. Amma kada a ƙara kawo mini maganar aure, kuma kada ki kira ni."

Da ta koma Lyon, Moctar ya tarye ta a tasha. Ya ce ko za ta koma aikin hotunan tauraron ɗan'adam, tunda shi ma binciken gobara ne, babu ashana a ciki. Ta ce ashe shi ma jar rigar ce ta shige masa zuciya. Kwana goma sha biyu ba ta ɗaga wayarsa ba.

Tana filin jirgi saƙonsa ya shigo: "Na yi kuskure. Wadda ta ƙi ɗauke buhunanta ita na so, sai ga shi ina roƙon ta ta ɗauke. Ki je ki ƙona dajinki, Ƙirarena. Ni zan tsare ƙofa."

Ta karanta sau uku, ta rubuta: "Kashi tara. Ka yi hankali."

Ta je, sun ƙona yankinsu, wutar ta tsaya inda suka shata mata. Ta dawo da lambobin awonta, amma wayar Baba shiru. Inna kan kira ta a ɓoye daga kasuwar Goutte d'Or, su yi minti biyar. Sallah ta zo ta wuce, Raliatou ta ci abincinta ita kaɗai a ɗakinta na Bron. Ba ta yi wa kowa kuka ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba.

Moctar kuwa duk Juma'a ta biyu yana Montreuil. Ya gaida Alhaji, Alhaji ya amsa gaisuwar kawai, ya zauna ya sha shayi ya tashi. Wata rana Raliatou ta ba shi ƙunshi uku na ƙirare da takarda a ninke. Ta tuna tana ƙarama, ko a lambun unguwa Baba ba ya wuce busasshiyar ciyawa bai murza ta ba.

Moctar ya ajiye ƙunshin uku a kan tabarmar Alhaji. Aka sha shayin fari, aka sha na biyu. Sai hannun tsohon ya miƙa da kansa. Ya murza na farko kusa da kunnensa, ya ce wannan tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Na biyu sai ya sha rana kwana biyu. Na uku hayaƙi kawai zai yi.

Moctar ya buɗe takardar awon ruwan da ke cikin kowane ƙunshi: kashi takwas, sha tara, talatin da huɗu. Jerin bai saɓa ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya ce safiyar ranar da wansa ya rasu, haka ciyawa ta yi ƙara irin ta farkon nan. Ya gaya wa manya, suka ce yaro ne.

"Ita wa ke saurarenta?"

"Masu kashe gobara na can, Baba. Sai sun ga lambobinta suke sanin inda za su tsaya."

Raliatou na gaban tanda da hantsi wayarta ta yi ƙara. Da ta ga sunan Baba, sai ta ɗaga.

"Raliatou. Ƙunshinki na biyu kin bar shi a leda ya yi gumi. Ba haka ake ajiya ba."

"Na ji, Baba," ta ce, hawaye na sauka a kan sikelin.

An ɗaura aure a Montreuil cikin watan Mayu, an raba goro da dabino har wa maƙwabta Turawa. Alhaji ya ɗora hannu a kanta ya ce Allah ya yi albarka, ya sanyaya gidansu, ya tsare ta a duk dajin da ta shiga. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Moctar ya raɗa wa amaryarsa cewa ya riga ya sa kabad na ƙarfe a sabon gida.

Ta samu digirinta, ta samu mijinta, ta samu albarkar mahaifinta. Amma wata goma sha ɗaya ta yi ba ta ji muryarsa ba, kuma da ta dawo ta tarar gemunsa ya yi fari fat ba a gabanta ba. Har yau bai taɓa cewa ta yi daidai ba. Duk watan Yuni, in ta durƙusa yi masa sallama, kansa yake kawarwa kafin ya sa mata albarka.