Gardamar Iƙɗa'i

Nasiha ta shiga wani kantin littattafai a unguwar Aziziyya da ke ƙasa mai tsarki, ranta a jagule, don malaminta ya sake dawo mata da babi na uku na kundin digirinta na biyu. Tana waya da mahaifiyarta da Hausa ta miƙa wa mai jiran kantin sunan wani littafi kan Turkawan Saljuƙawa.

"Akwai shi," ya ce da Hausa, "sai dai marubucin ya kauce hanya."

Ta sauke wayar. Siriri ne mai tabarau, Abdulmuhaimin sunansa.

"Wai tsarinsu na rabon ƙasa, iƙɗa'i, ɗaya ne da tsarin Turai na da, inda ubangida ke mallakar ƙasa har da manomanta. Alhali harajin yanki kawai sarki ke bai wa soja, ran da ya ga dama ya ƙwace."

"Da sarauta ta yi rauni ai 'ya'yansu sun gaje shi," ta ce. "Manomin da ake tatsa ina ruwansa da sunan tsarin?"

Ya yi murmushi. Ta fita da littafin da lambar wayarsa.

Wata biyar suna musu. Tun ana kawo hujja, har ta koma duba waya kowane minti.

"Malamata, na samo miki takardu biyu da ke goyon bayanki. Ban yarda da su ba, amma na fi son ki yi nasara."

"Abokin gardamata, ka ci abinci kuwa?"

Da maganar soyayyarsu ta kai kunnen mahaifinta, Alhaji Mukhtaru, sai ya murtuke.

"Yaron unguwar Ka'akiyya, wanda iƙamarsa ta izinin zama a ƙasar nan ke hannun kafilin da ya tsaya masa? Gobe a ce ya bar ƙasar, ki bi shi ina? Ga Talal ɗan ƙanwata yana jira."

"Abuya, ko sau ɗaya ka saurare shi."

"Na gama magana."

Daga ranar Abdulmuhaimin ya yi shiru. Saƙo goma sha ɗaya ta tura, babu amsa. Ta kasa zama, ta kasa karatu, ta ɗauka ya gaji da ita ne. Sai ƙanwarsa Shahad ta gaya mata Alhaji ya je kantin da kansa, ya sa shi yin alkawarin rabuwa da ita.

Ranar kare kundin, malama mai jarrabawa ta matsa mata: iƙɗa'i tsarin Turai ne ko ba shi ba ne? Nasiha ta kawo hujjar Abdulmuhaimin cikakkiya, ta kawo tata, ta nuna shekarun da kowacce ta yi daidai. Aka ba ta sakamako mafi girma.

A mota Alhaji ya ji labarin daga bakin matarsa.

"Rabin aikin nasa ne, Abuya," Nasiha ta ce a hankali. "Wata biyu ina kuka, bai karya maka alkawari ba ko da harafi ɗaya."

Suka isa gida a unguwar Utaibiyya. Ana sauka Alhaji ya ce, "Ki ce ya turo manyansa."

Bayan Babbar Salla aka ɗaura aure. Alhaji ya riƙe hannun angon ya daɗe bai saki ba.

"Maganar iƙama tana nan, ban daina tsoro ba," ya ce. "Amma duk inda aka kai ka, ɗana ne kai. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Daga ɗakin mata Nasiha ta amsa da amin, hawaye na bin lallen hannunta.