Masaƙin da Ya Tafi Neman Mulkin Allah

Can a zamanin da, an yi wani masaƙi a wani ƙauye. Ran wata Lahadi ya ji fasto yana wa'azi a majami'a cewa Mulkin Allah ya kusa. Masaƙi ya zaci wani birni ne mai ganuwa. Washegari ya ɗaure guzurinsa, ya kama hanya.

Ya iske manomi, ya ce, “Sannu da aiki. Ina hanyar Mulkin Allah?”

Manomi ya ce, “Ban sani ba, yi gaba.”

Ya iske masunci, ya tambaye shi. Shi ma ya ce, “Ban sani ba, yi gaba.”

A bakin rafi ya tarar da mutum kwance, ƙafarsa ta karye. Da ya duba, ashe maƙwabcinsa ne, wanda ya ƙone masa rumbu bara saboda rigimar gona. Masaƙi ya yi taku uku zai wuce, sai ya tsaya. Ya komo, ya goya shi har gida, ya kirawo maɗori.

Maƙwabcin ya fashe da kuka, ya ce, “Ɗan'uwa, ka yafe mini.”

Masaƙi ya ce, “Na yafe. Sa hannu mu ci tuwo.”

Suna cikin ci sai ga fasto. Ya ce, “Yaya, ka sami Mulkin?”

Masaƙi ya ce, “Ina fa, Fasto! Ban kai ba.”

Fasto ya dubi hannuwansu biyu cikin akushi ɗaya, ya yi murmushi, ya cire takalmansa. Ya ce, “Ai ka kai. Ku matsa mini, ni ma in shigo ciki.”