Inuwar Masu Daɓe

Ga ta nan, ku matso kusa, a hankali zan faɗa.

A can da, an yi wata shugabar mata masu daɓe, kowa Iya yake ce mata. Ko tafin hannunta ya fashe, a zani take ɓoyewa. Duk wadda ta ce ta gaji, sai ta ce, "Gajiya ba ta san gidanmu ba. Buga!"

Ran nan da hantsi suna daɓen tsakar gida, ɗaya daga cikinsu, Tasalla, ta ce, "Iya, na gaji."

"Buga!"

Sai inuwar Tasalla ta rabu da ita, ta je gindin bango ta zauna. Tasalla tana ta bugu, ba waƙa, ba ƙifta ido. Haka inuwoyin sauran matan suka bar su ɗaya bayan ɗaya, har su tara. Iya ta taɓa hannun Tasalla, ta ji sanyi kamar randa.

Sai ta ga tata inuwar ta fara ɗaga ƙafa.

Ta yar da madaɓi, ta nuna musu tafinta duk jini. "'Yan uwa, ni ma na gaji. Tun bara na gaji."

Ta zauna a ƙasa. Can sai inuwoyin suka rarrafo, kowace ta koma wurin mai ita.

Tasalla ta ƙifta ido. "Iya, akwai ruwa?"

Iya da kanta ta ɗebo.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya.