Macijiyar Yumɓu

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashafa, tsafi?! A cikin gidanka?!”

Muryar surukata ce, Hajiya Larai. Ko sallamarta ba mu ji ba. Tana tsaye a bakin ƙofar falo, ƙullin daddawar da ta kawo mana daga Kurfi ya suɓuce mata ya faɗi ƙasa.

Tsakani da Allah, ko ni ce ita, abin da zan ce ke nan. Mu huɗu ne zaune a kewaye kan tabarma: ni, mijina Ashafa, abokinsa Kamilu da matarsa Mardiya. A tsakiyarmu ga macijiyar yumɓu ta naɗe ƙwayayenta. Ni kuma ina durƙushe, hannuwa sama, hawaye shaɓe-shaɓe, ina cewa, “Ya Uwar Dausayi, mai ba ƙasa tsiro, mai ba mata ciki... ki ba ni ɗa!” Shi kuwa gogan nawa ya watsa ƴaƴan ludo kamar boka na watsa wuri.

Wasa ne fa, wallahi wasa ne! Ashafa malamin sakandare ne a nan Dutsin-Ma, kansa ba ya hutawa da ƙirƙire-ƙirƙire. A waya ya ga wani wasan labari: mutum ɗaya ya tsara ƙasa ta ƙarya, sauran kowa ya ɗauki mutum guda a cikinta ya riƙa magana da bakinsa. In za ka yi abu mai wuya, a jefa ɗan ludo ya nuna ko ka dace. Sai ya ƙago ƙasar da fari ya cinye, mutanenta na bauta wa wata macijiya mai kwana a ƙarƙashin tafki, wai ita ce uwar haihuwa da sihiri. Ni na gina siffarta da hannuna. A cikin wasan sunana Lubna, matar wani mafarauci.

“Hajiya, ki tsaya ki ji, wasa ne...” in ji Ashafa.

“Yi man shiru! Wasa da hawaye? Ni za ka maida yarinya?”

Kamilu da Mardiya suka sulale, da ƙyar suka tsaya saka takalma.

Hajiya ta juyo gare ni. “Ikilima, shekara nawa ina haƙuri? Na taɓa ce maki ina jikana? Ashe rashin haihuwa har ya kai ki ga roƙon maciji!”

Sai ta koma kan Ashafa.

“Ka maida ta Karofi gidan ubanta. Muddin wagga yarinya na gidan nan, ƙahwata ba ta ƙara taka shi. Kai ma kar ka zo man Kurhi!”

Ta fice. Ashafa ya bi ta har tasha yana roƙo, ko waiwaye ba ta yi ba.

Kafin ya dawo na share tsakar gida, na sake sharewa. Na ɗora shinkafa ta ƙone ina tsaye a kanta. In na zauna sai in ji kamar a kan ƙaya, in na tashi ban san inda zan nufa ba. Na san mijina. Ba zai sake ni ba, amma ba zai iya rayuwa uwarsa na fushi da shi ba. Zai rame ne a gabana yana murmushi, ni kuma ina kallo.

Yana shigowa ya kama hannuna. “Abar ƙaunata, ba inda za ki. Amma bari in faɗa mata gaskiya.”

“Wace gaskiyar?”

“Kin sani.”

“Kar ka soma! Da wane ido zan ƙara kallon ta?”

“Ikilima, gara ta ɗauke ki matsafiya ke nan?!”

Na fizge hannuna.

Abin da Hajiya ba ta sani ba shi ne, sau biyu ina samun ciki. A wurinmu mace ba ta buɗe baki ta gaya wa uwar miji tana da ciki, wannan rashin kunya ne. Sai ciki ya fito ya faɗi kansa. Nawa kuwa duka biyun ba su kai ga fitowa ba suka zube. To wadda ba ta faɗi samu ba, da wane baki za ta faɗi rashi? Mahaifiyata ta rasu tun ina ƙarama. Na haɗiye abina, na hana Ashafa gaya wa kowa. Bayan na biyun ma magana ta ɗauke mini, sai “to” da “a'a”.

“Kin zaci don nishaɗi na saka macijiyar nan a labarin?” ya ce a hankali. “Wata da watanni ina neman ki yi kuka a gabana, kin ƙi. Ranar da Lubna ta durƙusa a bakin tafki, ranar na fara jin muryar matata. Na san da kuskure a ciki, Allah Ya yafe mini... amma ke nake nema.”

Haushinsa ya kama ni, son sa kuma ya fi haushin yawa. Mutumin nan ya gina ƙasa guda da sarakunanta da yaƙe-yaƙenta, don kawai in sami wurin yin kuka.

“Gobe ka kai ni Kurfi,” na ce. “Amma ni zan yi magana.”

Da hantsi muka isa. Tun a mota nake murza bakin mayafina, sau nawa na so in ce direba ya tsaya in sauka. Mun tarar da Hajiya a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Ta amsa sallama don dole, gaisuwa kuwa ta bar mana abarmu.

Na durƙusa, na kwance ɗankwalin da na ƙunso macijiyar a ciki.

“A'uzubillahi! Hitar man da shi!”

“Hajiya, laka ce. Ni na kwaɓa ta. Ba ta ji, ba ta gani, ban taɓa zaton tana ba da komai ba. Allah kaɗai nake roƙo a sallata.”

“To mi ya sa ki kuka gabanta?”

Na sunkuyar da kai. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

“Don ba ni da inda zan yi shi... Hajiya, na samu. Sau biyu. Duka sun zube.”

Faifan ya karkace, wake ya watse, kaji suka yo kansa ba wanda ya kore su.

“Mi kika ce?”

“Na farkon da damina. Na biyun bayan ƙaramar salla.”

“Ina raye? Ina nan Kurhi ina cin tuwo?” Muryarta ta karye. “Wa ya zamna da ke? Wa ya dahwa maki ruwan zahi? Wa ya dama maki kunun kanwa?”

Na saci kallon Ashafa.

“Wanga?!” Ta nuna shi da yatsa. “Kai sakarai! Namiji mi ya sani a ɓari? Ka bar ɗiyar mutane marainiya tana wanke jininta ita kaɗai, ka kawo mata ƴar tsana ta yi ma kuka, uwarka na nan?”

“Ita ta hana ni, Hajiya...”

“Ita kunya ta hana ta. Kai mi ya hana ka?”

Na ga hawaye a idonsa, malamin makaranta guda ya koma kamar ɗan firamare.

Hajiya ta miƙe, ta share fuska da gefen zane. Ta jawo babbar tukunya ta ɗora a murhu, ta fara tura itace da ƙarfi kamar da shi take faɗa.

“Kwashe lakarka ka koma Dutsin-Ma. A kan hanya ka yi istigfari. Matarka na nan sai na gama da ita. Kahin ka tahi, karyo man ganyen darbejiya.”

Na gane abin da take shirin yi: wankan ruwan zafi da ake yi wa macen da ta yi ɓari.

“Hajiya, ai an daɗe... watanni sun wuce, na warke.”

Ta juyo, hayaƙi da hawaye sun jajanta mata ido.

“A wurinki ne aka daɗe. Ni yau na ji. Yau jikokina suka rasu.”

Ta zo ta durƙusa, ita da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ta jawo kaina ta ɗora a ƙirjinta.

“Yi kukanki, ɗiyata. Yi da ƙarhi, gidanku ne.”

Na yi kuwa, har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Hajiya ba ta ce in yi shiru ba, don ita ma yi take.